Kashi 85 ɗin nan ba albashin mataimakin likita ba ne

An daɗe ana yawo da maganar wai mataimakin likita a Amurka, wato ma'aikacin lafiyar da ke duba marasa lafiya yana ba su magani tare da likita, yana kwasar kashi 85 cikin 100 na albashin likita. Ina! Ai da kowa ya koma can.

Lambar nan daga Medicare take, inshorar lafiya ta gwamnatin tarayya, idan mataimakin likita ya duba mara lafiya sai ta biya kashi 85 na abin da za ta biya likita a kan wannan aikin. Kuɗin aiki ne, galibi asusun asibiti yake shiga, shi kuma mataimakin likitan albashin da suka yi yarjejeniya da asibitin kawai yake karɓa, kuma bai ma kusa da na likita ba.

To in lebura ya faɗo daga tsani ya karya hannu a wajen aiki fa? Nan kuma ba Medicare ba ce, inshorar mai aikin ce ke biyan ɗori da hoton ƙashi, ba leburan ba, kuma kowace jiha da dokarta, yawancinsu kuma da jadawalin farashinsu, wasu sun kwaikwayi tsarin Medicare wasu kuwa nasu daban ne sam. Shi ya sa ɗinkin rauni iri ɗaya kuɗinsa zai sha bamban daga jiha zuwa jiha.