Rigar sulken ɗan sanda ba kowane harsashi take tarewa ba

An daɗe ana cewa a Zariya, daga Tudun Wada har Sabon Gari, wai duk ɗan sandan da ya sa rigar sulke bindiga ba ta cin sa. Ba laifi mutum ya zaci haka, sunan rigar ma na ruɗarwa.

Rigar iri biyu ce: mai laushi da mai faranti. Mai laushin, wadda ake saƙawa da zare mai ƙarfi kamar Kevlar, harsashin ƙaramar bindiga take tarewa, amma na AK-47 huda ta yake yi. Shi sai an zura mata faranti na ƙarfe ko na tangaran, gaba da baya. Farantan nan nauyi gare su, ga zafin watan Afrilu, shi ya sa mai yini a tsaye kan titi yakan fi son mai laushin. Ko rigar ta tare harsashi ma, bugun na iya karya haƙarƙari. Wuƙa mai tsini kuwa takan ratsa wadda ba don suka aka yi ta ba.

Mai son tabbatarwa ya duba tambarin cikin rigar, inda ake rubuta matakin kariyarta: IIIA na ƙaramar bindiga ne, III da IV na babba. Don Allah a tura wa 'yan uwa.