Yanke wa Kare Farce a Gida

Yanke farce na cikin hidimar da mai kiwon kare yake yi wa dabbarsa a kai a kai, kamar wanka da cire kaska. Kare da yatsunsa yake taka ƙasa, kuma ba ya iya janye faratansa ciki yadda kyanwa take yi, don haka kullum a waje suke, suna tsawo ba tsayawa. Karen farauta ko na makiyaya da ke yini a guje kan tsakuwa da busasshiyar ƙasa, ƙasar ce take goge masa su. Wanda farce ke yi wa yawa shi ne karen gida mai kwana kan tayil, da tsohon kare da ya rage yawo, da wanda ake ɗaure shi wuri guda.

Yadda farcen yake

Kare yana da yatsu 4 masu taka ƙasa a kowace ƙafa. A ƙafafun gaba akwai na biyar, ɗan ƙarami, a can sama ta gefen ciki. Wasu karnukan suna da shi har a ƙafafun baya, wasu jinsunan ma, irin su Great Pyrenees da Beauceron na Faransa, bibbiyu suke da shi a baya. Wannan ɗan yatsa yawanci ba ya taɓa ƙasa, babu abin da ke goge farcensa, kuma shi aka fi mantawa da shi. In aka bar shi, sai ya lanƙwashe kamar ƙugiya ya nutse cikin fata, wurin ya kumbura ya yi ruwa.

Bayan farce ɓawo ne mai tauri, irin sinadarin da ke cikin ƙaho da kofato, kuma yanke shi ba ya zafi. A cikinsa kuwa akwai ɗanyen nama mai jijiyoyin jini da na jin zafi. Duk ƙwarewar aikin a nan take: a rage ɓawon, kada a taɓa naman. Idan farcen fari ne, ana hango naman ja-ja daga waje, musamman in aka haska fitila ta bayansa. Baƙin farce kuwa ba ya nuna komai, sai an bi shi a hankali.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne naman yana bin farcen wajen tsawo. Karen da aka daɗe ba a yanke masa ba, namansa ya riga ya miƙo kusa da baki, ba zai yiwu a gajarta farcen rana ɗaya ba. Sai dai a riƙa ɗan tsinke bakin duk mako ko mako biyu, naman yana ja da baya da kansa har farcen ya daidaita.

Lokacin yankewa da kayan aiki

Yawancin karnukan gida suna buƙatar yanka duk mako 3 zuwa 4. Kunne ma yana faɗa: in kare yana tafiya kan siminti ana jin ƙas-ƙas, farce ya yi tsawo. Dogon farce yana tura yatsu gefe, yana canza yadda kare ke taka ƙasa, kuma yana iya maƙalewa a tabarma ko waya ya tsage tun daga tushe.

Kayan yankan iri uku ne: mai kama da almakashi mai ƙarfi, wanda ya fi dacewa da manyan karnuka, mai ɗan rami da ake zura farcen ciki wuƙa ta sauko ta datse, sai injin gogewa mai juyawa irin na kamfanin Dremel. Dole abin yanka ya kasance da kaifi, domin dakusasshe murƙushe farce yake yi. Reza da wuƙa ba kayan wannan aiki ba ne ko kaɗan.

Yadda ake yi

A fara da sabo. Ɗan kwikwiyon da aka saba kama masa ƙafa ana shafawa, ana ba shi ɗan nama, ba ya tsoron abin yanka in ya girma. Ran yanka a sami wuri mai haske, mutum ɗaya ya rungume karen yana lallashinsa, ɗayan ya riƙe ƙafar, babban yatsa a kan tafin, manuni a saman yatsan karen, ya ɗan danna har farcen ya fito sosai. A yanka a karkace, a bar kamar milimita 2 tsakanin kaifi da naman.

A baƙin farce, sala-sala ake yankewa, ana duba bakin bayan kowace sala. Da farko za a ga shi fari-fari kamar alli. Da zarar wani ɗigo mai duhu, mai ɗan sheƙi, ya bayyana a tsakiya, an iso kusa da nama, sai a tsaya nan. Gara a yanke kaɗan a dawo mako mai zuwa. Karen da aka ji wa ciwo sau ɗaya yakan daɗe bai sake miƙa ƙafarsa ba. In ya fara kokawa ko gurnani, a ƙyale shi, ko da farce biyu kawai aka yanke. Duka da tsawa ba sa ƙara komai sai tsoro.

In jini ya fito

Ko ƙwararru sukan yi kuskure. A dangwala bakin farcen cikin hodar tsayar da jini da ake sayarwa a shagunan magungunan dabbobi, a danne na ɗan lokaci. In babu ita, fulawa ko garin sitacin masara suna taimakawa, haka ma dangwala farcen a jikin sabulun wanka. Jinin da ya ƙi tsayawa bayan kamar minti 10, ko farcen da ya tsage har tushe, ko yatsan da ya kumbura yana wari, aikin likitan dabbobi ne. Haka karen da ke kai cizo: a sa masa takunkumi ko a kai shi asibitin dabbobi, kuma kafin a kusanci bakin kowane kare a tabbatar an yi masa allurar rigakafin ciwon haukan kare.