Bitar jama'a wajen tsara ƙa'idojin katalogin laburare na duniya

Bitar jama'a ita ce al'adar da hukumomin tsara ƙa'idojin katalogi ke bi ta fitar da daftari a fili, su ba ma'aikatan laburare da cibiyoyinsu wa'adi su karanta, su yi gyara ko suka, kafin a amince da shi. Katalogi shi ne jerin bayanan abin da laburare ya mallaka: marubuci, sunan littafi, maɗaba'a, shekara, yawan shafuka da sauransu. Tunda laburare kan kwafi waɗannan bayanai daga juna maimakon kowa ya rubuta nasa, duk ƙa'idar da aka sauya takan taɓa miliyoyin bayanai a ƙasashe da yawa, kuma gyaransu kuɗi ne. Babbar mai wannan aiki ita ce Tarayyar Ƙungiyoyi da Cibiyoyin Laburare ta Duniya, wato IFLA, wadda aka kafa a Edinburgh a 1927 kuma hedikwatarta ke birnin Hague. Sai kwamitin da ke kula da AACR, wato ƙa'idojin katalogi na ƙasashen da ke amfani da Turanci, da magajinsu RDA.

Zamanin taron ƙwararru

Da farko babu wata bita ta kowa da kowa. Wakilan ƙasashe ake gayyata, a aika musu da takardu ta gidan waya, su tattauna a gida, sannan su zo su kaɗa ƙuri'a. Haka aka yi a taron Paris na Oktoban 1961, wanda IFLA ta shirya da tallafin UNESCO, inda wakilan ƙasashe 53 da ƙungiyoyin duniya 12 suka amince da abin da ake kira Ƙa'idojin Paris. Tunanin Seymour Lubetzky na Amurka ya yi tasiri sosai a daftarin. Ƙa'idojin sun tsaya ne kan yadda za a zaɓi sunan da za a jera littafi a ƙarƙashinsa da siffar da sunan zai ɗauka. An fi yin gardama kan ko hukuma ko ƙungiya za ta iya zama marubuciya, abin da al'adar katalogin Jamus ba ta yarda da shi ba a lokacin.

Wani sashe na ƙa'idojin ya bar wa kowace ƙasa ta faɗi wane ɓangare na sunan mutanenta ake farawa da shi. Daga nan IFLA ta riƙa tattara amsoshin hukumomin ƙasashe tana buga su a matsayin jagora kan sunayen mutane. Lamarin ya shafi sunayen Hausa kai tsaye: a suna irin Aminu Kano, kalma ta biyu sunan gari ce, kuma ƙa'idar da ta ɗauka cewa kalmar ƙarshe sunan dangi ce ba ta san da haka ba sai an gaya mata.

A 1969 ƙwararru suka sake haɗuwa a Copenhagen, suka duba nazarin da Michael Gorman, masanin aikin laburare ɗan Birtaniya, ya yi kan yadda ƙasashe ke bayyana littafi. Daga nan aka samu ISBD, ma'aunin bayanin littafi na duniya. Na littattafai ya fito a matsayin shawara a 1971, bugun farko na dindindin kuma a 1974. ISBD ya raba bayani gida-gida, ya ba kowane ɓangare alamarsa: karkataccen layi kafin sunan marubuci, ɗigo biyu kafin sunan maɗaba'a, aya da karan ɗori tsakanin gida da gida. Manufar ita ce wanda bai iya harshen ba, ko kwamfuta, ya gane wane ɓangare ne wane. Masu suka a Amurka sun ce alamomin suna rikita mai karatu, amma ma'aunin ya zauna.

A 1977 aka yanke cewa kowane rubutun ISBD, na littattafai da na sauran kayan laburare, zai yi shekara 5 ba a taɓa shi ba, sannan a duba shi. Kwamitin bitar ya fara zama a 1981, kuma cikin abin da ya sa a gaba har da ƙorafin masu aiki da rubutun da ba na boko ba, musamman wanda ake yi daga dama zuwa hagu kamar Larabci, domin an ƙera alamomin ne da haruffan Latin a rai. Gyararrun bugu sun fito a 1987.

Yadda bitar IFLA ke gudana

Wani sashe na IFLA ko rukunin bita shi ke kafa ƙaramin kwamitin aiki, wanda ke rubuta daftari. Idan sashen ya gamsu, sai a ɗora daftarin a shafin IFLA, a sanar, a ba da wa'adi, galibi kamar wata biyu. Laburaren ƙasa, ƙungiyar ma'aikata, makarantar koyon aikin laburare ko mutum ɗaya duk suna iya aikawa. Kwamitin aiki yakan jera tsokacin bisa lambar sashe, ya yanke wanda zai karɓa, ya gyara daftarin, sannan a miƙa shi ga kwamitin ma'aunai, wanda aka kafa a 2012, kafin majalisar ƙwararru ta tarayyar ta sa hannu. Bitar ba ƙuri'a ba ce. Tsokaci ɗaya mai hujja kan iya sauya sashe guda, ashirin kuma masu cewa "ba mu so" ba tare da misali ba su wuce ba a yi komai ba. Wanda ya fi tasiri shi ne wanda ya ambaci lambar doka, ya kawo littafi na gaske da dokar ta kasa bayyanawa, ya ba da lafazin da zai maye gurbinta.

Daftarin FRBR, tsarin da ya bambanta aikin marubuci da sigarsa da bugunsa da kwafin da ke kan kanta, ya yi wata 6 a bita a 1996. Amsoshi 40 aka samu daga ƙasashe 16. An amince da shi a 1997, aka buga a 1998. Wannan adadi yana nuna girman abin da ake kira bitar duniya a lokacin.

Da aka zo sabunta Ƙa'idojin Paris, sai IFLA ta ɗauki taron zuwa ga mutane. Ƙarƙashin jagorancin Barbara Tillett ta Laburaren Majalisar Dokokin Amurka aka yi taruka 5: Frankfurt a 2003, Buenos Aires a 2004, Alƙahira a 2005, Seoul a 2006, sai Pretoria a 2007 domin ƙasashen Afirka kudu da Sahara. Bayan kowane taro ana aika gyare-gyaren ga mahalartan tarukan baya su kaɗa ƙuri'a a kai. An yi bitar duniya a 2008, sabuwar sanarwar ta fito a 2009, aka sake gyara ta a 2016.

Tsarin LRM, wanda ya haɗe FRBR da 'yan'uwansa biyu, na sunaye da na batutuwa, ya shiga bita daga ƙarshen Fabrairu zuwa farkon Mayun 2016. Pat Riva da Patrick Le Bœuf da Maja Žumer ne suka shirya shi. Bitar ta sa an sauya masa suna, an kuma sake fasalin yadda ake nuna sigar da ta fi wakiltar aiki. Amma a kan batun da ya fi jawo surutu, wato cewa mutum na gaske kaɗai ke iya zama marubuci, ban da taurarin labari na ƙirƙira da dabbobi, editocin ba su janye ba. An amince da shi a Agustan 2017.

Daga AACR zuwa RDA

A nan ne aka fi ganin ƙarfin ra'ayin masu aiki. AACR na 1967 ya fito a rubutu biyu, na Arewacin Amurka da na Birtaniya, saboda an kasa daidaitawa. AACR2 ya haɗe su a 1978, amma manyan laburaren bincike na Amurka suka koka da kuɗin sauya katunan katalogin su, har aka ɗage fara aiki da shi zuwa Janairun 1981.

A lokacin, kwamitin da ke riƙe da AACR na wakilan Amurka da Birtaniya da Kanada da Ostireliya ne, kuma tsokaci ta hannun ƙungiyoyin waɗannan ƙasashe yake bi. A Disamban 2004 ya fitar da daftarin kashi na farko na AACR3, aka taƙaita waɗanda za su gani. Martanin bai yi daɗi ba, ga kuma ƙorafi kan rufe daftarin. A Afrilun 2005 kwamitin ya sauya tsarin aikin, ya raɗa masa suna RDA, kuma daga Disamban shekarar ya riƙa saka daftarori inda kowa zai iya karantawa.

Buɗewar ta kawo suka daga ɓangare biyu masu gaba da juna. Karen Coyle da Diane Hillmann, ƙwararrun aikin laburare na Amurka, sun rubuta a 2007 cewa RDA bai rabu da tunanin katin katalogi ba. Gorman, wanda yana cikin editocin AACR2, yana ganin an rushe abin da ke aiki. A Janairun 2008 wani kwamiti da Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya kafa ya ba da shawarar a dakatar da aikin. Ba a dakatar ba. Cikakken daftari ya fito a Nuwamban 2008 a matsayin tulin takardun PDF, domin manhajar da aka yi niyyar a karanta shi a ciki ba ta kammala ba, aka kuma rufe karɓar tsokaci a farkon Fabrairun 2009. Masu bita sun sha wuya da bin dokokin da ke tura mai karatu daga babi zuwa babi.

Bayan fitowar RDA a Yunin 2010, laburaren ƙasa uku na Amurka, wato na Majalisa da na likitanci da na aikin gona, suka shirya gwaji da cibiyoyi 26 gaba ɗaya. Ma'aikata sun rubuta bayanai na gaske daga Oktoba zuwa Disamban 2010, ana auna lokacin da kowane bayani ya ci. Rahoton Yunin 2011 ya ce a karɓa, amma da sharuɗɗa, ciki har da sake rubuta dokokin da Turanci mai sauƙi. An fara aiki da shi ranar 31 ga Maris 2013. Jamus da Ostiriya da Suwizalan sun bi. Faransa ta zaɓi ta yi nata gyararren nau'i.

A 2015 aka sauya wa kwamitin da ke kula da RDA suna da tsari, aka tanadi wakilci bisa yankuna 6 na duniya, har da Afirka. Turai da Arewacin Amurka da yankin Oshiniya ne suka fara kafa kwamitocinsu. Sabon RDA, wanda aka gina kan LRM, ya zama na hukuma a Disamban 2020, kuma har yanzu ana saɓani kan sauƙin amfani da shi.

MARC

Tsarin MARC 21 na adana bayanan a kwamfuta yana da kwamitin shawara da ke zama sau biyu a shekara. Ana fara kawo takardar tattaunawa, idan ta samu karɓuwa a dawo da ita a matsayin shawarar gyara, kuma duka ana buga su a fili kafin zama.

Iyakokin bitar

Daftarori da Turanci suke fitowa, fassara kuma kan zo ne bayan an amince. Wata biyu ba sa isar ƙungiyar da sai ta fassara, ta tara mambobinta, ta mayar da amsa cikin Turanci. Mambobin kwamitoci masu aikin sa kai ne da cibiyoyinsu ke biya wa tafiya, don haka laburaren ƙasashe masu hali suka fi yawa a teburin da ake tace tsokacin. Ma'aunan IFLA kyauta ake sauke su, RDA kuwa sai da kuɗin rajista na shekara-shekara, kuma wanda bai taɓa aiki da doka ba da wuya ya gano inda take cizo. Abubuwan da ƙa'idojin suka fi rauni a kansu, irin su rubuce-rubucen hannu na ajami marasa shafin suna da littattafan kasuwa da ba su ɗauke da shekarar bugu, suna hannun cibiyoyin da ba su cika samun halin shiga bitar ba. Haka kuma ba kowane kwamiti ke buga tsokacin da ya karɓa tare da dalilin ƙin wasu ba, kuma inda ba a buga ba, mai aikawa sai ya kwatanta daftari da bugun ƙarshe kafin ya san abin da aka yi da nasa.