Shin Napoleon ya musulunta a Masar?

An daɗe ana yaɗa cewa Napoleon Bonaparte, janar ɗin da daga baya ya zama sarkin Faransa, ya karɓi Musulunci a Masar. Masu faɗar haka suna da abin kamawa. Da ya sauka da rundunarsa a Iskandariyya a watan Yulin 1798, ya raba sanarwa da Larabci wadda ta fara da bisimilla, tana cewa Faransawa ma Musulmi ne na gaskiya. Har bikin Maulidi ya ɗauki nauyinsa a Alƙahira.

Sai dai a wurinsa addini hanya ce ta riƙe mulki. Malaman Masar ba su ruɗu ba: masanin tarihi Abdurrahman al-Jabarti, wanda ya ga lokacin da idonsa, ya bi sanarwar yana warware ta. A watan Oktoban shekarar, da mutanen Alƙahira suka yi bore, sojojin Napoleon sun harba igwa kan Azhar, suka shiga masallacin da dawakai. Wanda ya musulunta shi ne Janar Menou, ɗaya daga cikin hafsoshin Napoleon, da ya ɗauki sunan Abdullahi. Shi kuwa Napoleon ya ƙulla yarjejeniya da Paparoma a 1801, kuma a wasiyyarsa ta 1821 ya rubuta cewa zai mutu cikin addinin Katolika da aka haife shi a ciki.

In ka ci karo da maganar da aka jingina masa, bincika wa ya rubuta ta, a wace shekara, kuma wa yake so ya ji. Sannan ka auna ta da abin da ya aikata a watannin da suka biyo baya.

Don Allah a tura wa 'yan'uwa wannan bayani.