Amlodipine da hawan jini: tambayoyin da masu shan sa ke yi

Wane irin magani ne wannan da likita ya rubuta mini?

Amlodipine maganin hawan jini ne, shi da nifedipine 'yan gida ɗaya ne. Jijiyoyin jini suna da tsoka a jikinsu, kuma sai sinadarin kalsiyam ya shiga cikinta take matsewa. Maganin yana toshe wa kalsiyam ƙofa, sai jijiya ta saki, jini ya samu hanya, awo ya sauka. Kalsiyam ɗin ƙashi kuwa, ba ruwansa da shi. Yawanci ana farawa da miligiram 5 sau ɗaya a rana, in bai isa ba a kai 10.

Me ya sa shi likitoci suka fi rubuta mana?

Domin ya fi karɓar jikin baƙar fata fiye da wasu magungunan hawan jini irin su lisinopril idan aka sha su kaɗai. A 2019 an wallafa binciken CREOLE, wanda Dakta Dike Ojji na Abuja ya jagoranta, a kan mutum 728 a ƙasashe shida na Afirka. Waɗanda haɗin maganinsu ke ɗauke da amlodipine sun fi samun saukar awo.

Ƙafata ta kumbura, takalmi ya daina shiga. Ƙoda ce?

Nan ne mutane da yawa suke jefar da maganin, abin kuma yana damuna ƙwarai. Da yamma sai ka ga idon sawu ya cika, ka danna da yatsa wurin ya lotsa, da safe ya sabe. Sau da yawa aikin maganin ne: ƙananan jijiyoyi sun buɗe, ruwa ya taru a ƙasa, musamman a kan miligiram 10. Kada ka yanke wa kanka hukunci. Koma asibiti a duba zuciya da ƙoda, likita ya rage shi ko ya haɗa maka da wani. Wasu kuma dasashinsu ke kumbura, ko su ji ciwon kai a kwanakin farko.

Da azumi fa?

Yana daɗewa a jiki fiye da yini guda, saboda haka a sha da sahur ko bayan buɗa-baki, lokaci ɗaya kullum.

Awona ya dawo daidai, in daina?

A'a. Maganin ne ya saukar da shi, kana ajiyewa zai sake haura 140/90 ba tare da ka ji komai ba, har sai shanyewar ɓarin jiki ta sallama. Ka rage gishiri da dunƙulen miya, ka ci gaba da sha.