Bayan korona: me ya sauya a manyan makarantun Zamfara?

Ina koyarwa a ɗaya daga cikin manyan makarantun jihar nan, kuma duk lokacin rajista iyaye da ɗalibai kan tare ni da tambayoyi kusan iri ɗaya game da yadda karatu ya koma tun bayan annobar korona. Na tattara waɗanda suka fi yawa, tare da amsar da nake bayarwa.

Malam, wai korona ce ta cinye mana shekarun karatu ko yajin aiki?

Su biyun ne, kuma a goye da juna suka zo. An tabbatar da mutum na farko mai cutar a Najeriya ranar 27 ga Fabrairun 2020 a Legas. Ranar 19 ga Maris gwamnatin tarayya ta ba da umarnin rufe makarantu. Ranar 23 ga watan kuma ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta tsunduma yajin aikin sai-baba-ta-gani a kan tsarin biyan albashi na IPPIS da yarjejeniyar da ta ƙulla da gwamnati a 2009 da ba a cika ba, ba ta janye ba sai 23 ga Disamba. Ke nan ko da kowane gida na da intanet a lokacin, malaman jami'o'in tarayya irin ta Gusau ba sa koyarwa. Sai 18 ga Janairun 2021 hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta amince su koma.

Ba a gama numfasawa ba malaman kwalejojin kimiyya da fasaha suka yi nasu daga Afrilu zuwa Yunin 2021, sannan ASUU ta sake tafiya daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoban 2022. Na ASUU kaɗai, wata 9 da wata 8, lissafin ya kama wata 17. Don cike giɓin ne makarantu suka riƙa matse zangon karatu, wasu jami'o'in ƙasar nan suka soke shekara guda ɗungurungum, wasu suka haɗa ɗaliban shiga biyu a aji ɗaya. Wanda abin ya fi shafa shi ne wanda ya fara karatu a makare, domin duk wanda ya haura shekara 30 kafin ya kammala ba ya tafiya bautar ƙasa, takardar yafewa ake ba shi.

To ba an ce an koma karatu ta intanet ba? Mu dai ba mu gani ba.

Kun gani, sai dai ba a siffar da aka yi ta yayatawa ba. Ministan ilimi na lokacin, Malam Adamu Adamu, ya umarci manyan makarantu su koma koyarwa ta intanet tun a watannin farko na kullen. Abin da aka zata shi ne malami ya zauna gaban kwamfuta, ɗalibai su shigo Zoom a lokaci ɗaya. Wannan bai kama ƙasa a nan ba, kuma dalilin a fili yake. Awa ɗaya ta bidiyo kai tsaye tana cin ɗaruruwan megabait. Ɗalibin da ke Shinkafi ko Anka, ko da ya sayi datar, sai sabis ya tsaya masa tsawon awar nan ba yankewa, sai kuma wayar na da caji. Sharaɗi uku ke nan, kuma da wuya su haɗu a rana ɗaya.

Abin da ya zauna da gindinsa shi ne WhatsApp. Yau da wuya ka sami ajin da ba shi da zaurensa. Wakilin aji ke riƙe da shi: nan ake sanar da sauyin lokacin lacca, nan ake tura handawut, nan malami ke ajiye bayanin murya na minti 10 a kan abin da bai samu ƙarasawa ba. Saƙon murya ba ya cin data sosai, kuma yana jiran mutum. Wanda sabis bai zo masa ba sai da tsakar dare zai sauke a lokacin, ya saurara da safe, ya maimaita sau uku in bai gane ba. Ni a ganina wannan jiran shi ne babban abin da muka tsinta a annobar. Matar aure mai goyo da ɗalibin da ke kabu-kabu da yamma sun fi kowa cin moriyarsa.

Yana da nasa aibin. Zaure kan cika da gaisuwar Juma'a da tallan turare har sanarwar jarrabawa ta nutse. Akwai kuma malamin da ya mayar da tura takarda madadin shiga aji, wanda wannan cin amana ne, kowane suna aka sa masa.

Me ya sa ba za a ɗora komai a intanet ba kawai, kamar yadda ake yi a Ingila da Amurka?

Duk wanda ke Zamfara a watan Satumban 2021 ya san amsar. A farkon watan hukumar sadarwa ta NCC ta umarci kamfanonin waya su kashe sabis a faɗin jihar, bisa roƙon gwamnatin Bello Matawalle, don a daƙile 'yan bindiga. Gusau ba ta samu nata ba sai farkon Oktoba, sauran wurare kuwa sai wajen ƙarshen Nuwamba. Babu kira, babu saƙo, babu tura kuɗi ta waya. Mutane suka riƙa shiga mota suna tsallaka iyakar jiha don kiran waya ɗaya ko cike fom ɗaya.

Makarantar da ta rataya rajistarta da darussanta da sakamakonta duka a kan intanet, a irin wannan rana ta zama gurguwa. Shi ya sa nake cewa tsarin da ya dace da mu shi ne mai ƙafa biyu. Duk abin da aka ɗora a shafin makaranta, a sami kwafinsa a ɗakin karatu da allon sanarwa. Darussa su zama waɗanda ake saukewa sau ɗaya a ajiye a waya, a tura wa na kusa ta Xender ko Bluetooth ba tare da data ba. Makaranta ma na iya kafa ƙaramin rumbun kwamfuta a cikin harabarta, ɗalibai su kwashi littattafai ta wayifai ɗin cikin gida ko da sabis ɗin waje ya ɗauke. Fasahar ba sabuwa ba ce kuma ba ta da tsada sosai. Wuta take buƙata, wutar da Kaduna Electric ke kawo mana kuwa kowa ya san halinta, don haka sola ta zama wajibi.

Ina labarin masu aikin hannu?

Nan annobar ta fi yin ɓarna, kuma ɓarnar ba ta fitowa a takardar sakamako. Ba a koyon walda ko haɗa wayar lantarki ko gwajin sinadari ta saƙon murya. Ɗalibin injiniyanci a kwalejin kimiyya da fasaha ta Ƙaura Namoda ko ta Talatar Mafara sai ya riƙe ƙarfe da hannunsa. Mai neman takardar shaidar malanta ta NCE a kwalejin ilimi ta Maru ko a kwalejin mata ta tarayya da ke Gusau sai ya tsaya gaban yara na gaske ya koyar, malaminsa na zaune a baya yana dubawa. Haka horon masana'antu na SIWES. Idan aka matse zango, abin da ake fara yankewa shi ne wannan ɓangaren, don lacca ana iya gudu da ita, firaktikal kuwa yana son lokaci da kayan aiki da man janareta.

Shawarata ga shugabannin sassa ita ce a juya lissafin. Bayanin da za a iya saurara a gida a tura shi waya, awannin da ɗalibi ya zo makaranta a kashe su a ɗakin gwaji da wurin aikin hannu.

Harabar makarantun fa, an sauya wani abu?

Bokitan wanke hannu da na'urar auna zafin jiki da aka jera a ƙofofi a 2021 duk sun ɓace, takunkumi ma haka. Cunkoson aji yana nan, a wasu wuraren ma ya ƙaru. Abin da ke sauya fasalin haraba a jihar nan yanzu tsaro ne. A Fabrairun 2021 aka kwashe 'yan matan sakandaren Jangeɓe, 279 aka sako bayan 'yan kwanaki. A Agustan shekarar aka shiga kwalejin aikin gona ta Bakura aka tafi da ɗalibai da ma'aikata. A Satumban 2023 aka ɗauke ɗalibai mata na Jami'ar Tarayya ta Gusau daga gidajen haya a Sabon Gida, wajen harabar jami'ar.

Na ƙarshen nan ya kamata ya tsaya wa kowa a rai. Korona ta ce a rage cunkoso a ɗakin kwana, rashin tsaro ya ce a dawo da kowa cikin katanga, kuma amsar duka biyun ɗaya ce: a gina isassun ɗakunan kwanan ɗalibai a cikin makaranta, da ruwa da wuta. Asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund ya gina ɗakunan lacca da ofisoshi da dama a makarantunmu, kowa na ganin tambarinsa a bango. Da ni ake tambaya, da na ce a 'yan shekarun nan a sa wurin kwanan 'yan mata a gaban komai.

Ku ma'aikata, aikinku ya sauya?

Kaɗan. A Maris na 2020 gwamnatin tarayya ta ce ma'aikata daga mataki na 12 zuwa ƙasa su yi aiki daga gida, amma aikin ofishin rajista fayil ne da hatimi, ba ya bin mutum gida. Abin da ya rage mai amfani shi ne taro ta bidiyo. Mai jarrabawa na waje yana iya sauraron ɗalibin digiri na biyu daga Zariya ko Sakkwato ba tare da ya hau hanyar Funtuwa zuwa Gusau ba, kuma duk wanda ya san hanyar nan ya san abin da aka sauƙaƙa masa.

Malam, 'yata ta samu gurbi bana. Dole ne sai na saya mata kwamfuta? Abin hannuna bai taka kara ya karya ba.

Baba, kada ka ci bashi a kan kwamfuta a shekarar farko, sai in fannin kwamfutar take karanta. Waya mai ɗaukar WhatsApp da buɗe takardu, mai wurin ajiya da batir mai riƙe caji, ta ishe ta. Kwamfuta sai lokacin rubuta furojek, kuma ko a nan ana iya lallaɓawa da ta makaranta. Sai dai ta koyi amfani da ita tun yanzu, domin jarrabawar kwamfuta da ta yi a JAMB za ta iya sake cin karo da irinta a manyan azuzuwa.

Tun da aka janye tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin mota ya zama babban nauyi, don haka wurin kwana ya fi kwamfuta muhimmanci a lissafinka. Ta nemi gado a cikin makaranta ranar da aka buɗe rajista, kada ta jira mako. Akwai kuma lamunin ɗalibai na NELFUND da aka buɗe a Mayun 2024 ga ɗaliban makarantun gwamnati, ba shi da kuɗin ruwa, kuɗin makaranta kai tsaye yake zuwa asusun makarantar, biya kuma sai bayan shekara 2 da gama bautar ƙasa. Idan za a cike, a yi da lambar NIN da BVN nata da lambar wayarta ita kanta. Kada a bar mai kafe, wato shagon intanet, ya sa tasa lambar ko imel ɗinsa, kuma ta rubuta kalmar sirrin a littafi ta ba ka kwafi ka ajiye a gida.