Waiwaye: Gidan da aka gina tare, bayan igiyar aure ta tsinke

A Sakkwato rigimar takan taso ne ranar da aka zauna rabon gado. Ana cikin lissafi sai ga saƙo daga tsohuwar matar mamaci, wadda ya saka shekaru da dama, tana cewa akwai kuɗinta a cikin gidan. Amsar dangin miji kusan ɗaya ce: "Ke da aka sallama, mi ya haɗa ki da gado?"

Ta fuskar gado sun yi daidai. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunanmu ke bi, macen da ta gama idda ba ta gadon tsohon mijinta. Tana gado ne idan ya rasu tana cikin iddar sakin kome, ko kuma idan ya sake ta yana cikin ciwon ajali. Sai dai ita wannan baiwar Allah ba tumunin takaba, wato kashi ɗaya cikin takwas na matar mamaci, ta zo nema ba. Haƙƙinta na tarayya take bi, shi kuwa saki ba ya kashe shi. Abin da ba na mamaci ba, ai ba ya shiga rabo tun farko.

Wannan ƙa'ida ta girmi kowa a cikinmu. Tun jihadin 1804 Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soki sarakunan da ke cinye dukiyar mamata, kuma alƙalan daula sun yi hukunci da littattafan fiƙihu irin su Risala da Muhtasar, inda dukiyar mace tata ce, aure bai mayar da ita ta miji ba. Amma a wancan zamani arzikin mace abin ɗauka ne: kayan ɗaki, awaki, tumaki, ribar kaɗi da ƙuli-ƙuli. In aure ya mutu ta kwashe abinta, gida kuwa na gado ne, na zuriyar miji. Shi ya sa malaman fiƙihu suka fi tsayawa kan jayayyar kayan cikin gida: abin da aka san na mata ne a bar mata da rantsuwa, sauran a bar wa miji da rantsuwa.

Turawa sun ci Sakkwato a 1903, suka bar aure da gado a hannun alƙali. Har yau haka abin yake, domin sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a hurumin aure, kyauta, wasiyya da gado. Dokar aure ta 1970, wadda ta ba kotu ikon daidaita dukiya tsakanin ma'auratan da suka rabu, ba ta shafi auren Musulunci ba.

Abin da ya sauya shi ne gari da aljihun mata. Sakkwato ta faɗaɗa zuwa Mabera, Arkilla da Gwiwa, fili ya zama abin saye, kuma tun dokar filaye ta 1978 takardar mallaka ta ƙara nauyi. Malamar makaranta ko ma'aikaciyar jinya takan kwashi adashi ta sayi bulo, ta sayar da sarƙar gwal a yi rufi. Takarda kuwa sunan maigida kaɗai take ɗauke da shi. Wace mace ce za ta ce wa mijinta, "Malam, rubuta mini"? Kunya ba ta bari, kuma dangi za su ce ba ta yarda da shi ba.

Nan ne zuciyata ke ƙuna. A gaban alƙali ita ce mai da'awa, ita za ta kawo shaida: maza biyu, ko namiji ɗaya da mata biyu, ko shaida ɗaya ta haɗa da rantsuwa. Kuɗin da aka miƙa da dare a cikin ɗaki, wa ya gani? Wanda ya karɓa yana kabari, magada kuma su ce kyauta ta yi masa. Saƙon banki a waya ya fara taimakon wasu, amma shi ma yana nuna an tura kuɗi ne kawai, ba ya cewa rance ne, kyauta ce ko tarayya.

In tana da 'ya'ya da mamacin, sai dattawa su lallashe ta: "Ki yi haƙuri, ai na 'ya'yanki ne." Ba nasu ba ne su kaɗai. Da zarar kasonta ya narke cikin gado, 'ya'yan kishiya za su ci, matar da ke ɗaki za ta ɗauki tumuninta a ciki, iyayen miji ma in suna raye kowanne yana da sudusi, wato kashi ɗaya cikin shida.